Darasin La'asar a Zauren Baffa

Mu huɗu ne muka shimfiɗa tabarmin farko a zauren baffana da ke Musawa, a dogon hutun 2021: ni da nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a Katsina, da ɗalibai biyu na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da wani tsohon hedimasta da ya ajiye aiki. Babu mai biyan mu, ba mu kuma karɓi ko sisi daga hannun iyaye ba. Allo da alli daga aljihunmu suka fito.

Dalilinmu a bayyane yake. Annobar korona ta rufe makarantu tun watan Maris na 2020, yara suka yi watanni a gida. Ba a jima da buɗewa ba, sai ga abin da ya auku a Ƙanƙara cikin Disamba, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya, aka sake kulle makarantu. Yaran da nake koyarwa a birni ba su yi wata asara ba, domin iyayensu sun ɗaukar musu malaman lesin har gida. Ɗan manomi a Jikamshi ko Tuge kuwa, gona ce ta karɓe shi, ba ta kuma dawo da shi da sauƙi ba.

Da kuskure muka fara, kuma ni ne na kawo shi. Na nace mu tara 'yan ajin ƙarshe na sakandare, mu shirya su don WAEC da NECO da JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, alhali wasunsu ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. In faɗi gaskiya, ina hango ranar da zan lissafa wa mutanen gari yawan waɗanda muka shigar jami'a. Son a yaba ba ya rasa wurin fakewa, ko a cikin aikin sa-kai.

Ƙananan yara sukan taru a bakin ƙofa suna leƙe. Wata rana tsohon hedimasta ya yafito ɗaya daga cikinsu, ɗan aji shida na firamare, ya rubuta masa "kaza ta sha ruwa" a allo, ya ce ya karanta. Yaron ya yi shiru. Aka ba shi alli, ya kwafe jimlar tsaf da rubutu mai kyau, amma bai san abin da hannunsa ya rubuta ba. Shekara shida yana kwafar allo. Da aka tambaye shi inda yake a makarantar allo, sai ga shi ya wuce izu goma, yana kuma karanta allonsa ba gargada.

Wannan ne ya hana ni barci. Ai yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a rubutun Larabci ba daƙiƙi ba ne. Bambancin yana ga tsarin. Malamin allo ba ya bari a wanke allo sai karatu ya zauna. Kowane almajiri a kan matakinsa yake, ko da gemu ko babu. A boko kuwa, shekara ce ke ciyar da yaro gaba. Malami yana bin manhajar aji shida a gaban yaran da rabinsu ba su gama da aji biyu ba, kuma da Turancin da ba sa ji. Daga baya na karanta cewa ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara a duniya da wannan dabara ta raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, har an gwada ta a Kano da Borno. Na yi murmushi. Abin da aka je nema Indiya yana nan a kowace tsangaya.

Sai muka juya akalar. Muka bar wa 'yan jami'a manyan ɗalibai kwana biyu a mako, sauran kwanakin muka raba ƙanana gida huɗu: waɗanda ba su san haruffa ba, da masu haɗa gaɓa, da masu karanta kalma, da masu iya jan sakin layi. Da Hausa muka fara. Turanci ya jira.

Ba kome ne ya tafi daidai ba. Wani matashi mai shekara 14 ya ga an zaunar da shi da sa'o'in ƙaninsa, kunya ta kore shi, bai sake dawowa ba. Har yau ina ganin laifina, domin da na ware masa lokaci bayan isha'i da ya zauna. Da maimai ya kama, tabarma ta zama fayau da safe, dole muka mayar da darasi bayan la'asar. Mafi nauyi shi ne wata yarinya da ta fi kowa saurin ɗauka. Na je wurin mahaifinta har gida. Ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce, "Malam, na ji bayaninka, Allah ya saka. To in ta zauna wurinku, wa zai kai tallar?" Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, amma ban ga yadda zan karanta wa mutumin da ke lissafin kwanon masara wannan doka ba. Na yi masa sallama na fito.

Shi ya sa ba na son a zuzuta irin aikinmu. Hakkin gwamnati ne muke yi wa faci, kuma facin ma gajere ne: ɗaliban nan biyu sun tafi hidimar ƙasa, hedimasta ido ya fara ba shi matsala.

Yaron nan na bakin ƙofa kuwa, kafin a cire auduga a waccan shekarar ya tare ni a hanyar masallaci riƙe da wayar mahaifiyarsa. Yayansa da ke ci-rani a Legas ya turo saƙo, kuma shi ya karanta mata, ba a kai wa maƙwabci ba. Ya sake karanta mini shi a tsaye, yana bin kalmomin da yatsa, ya yi tuntuɓe sau biyu ya gyara da kansa.

Allon yana nan jingine a zauren baffa. Hutun bana mu biyu muka rage, yaran da aka rubuta sun fi ƙarfin tabarma uku.