Hular Maɓalli da Akwatin Baba

Waɗanda suka san ni a kasuwar citta, ko suke bin bayana sallar asuba idan babban liman ya yi tafiya, za su yi mamakin abin da na ɗauko yau. Magana ce a kan 'yan robobin nan da ke saman maɓallan kibod na kwamfuta, waɗanda haruffa ke rubuce a kansu. Yara suna da sunan da suke kiran su da Turanci. Ni dai hula nake ce musu, don a cire su ake yi a sa wasu, kan yana nan yadda yake.

Ga yadda na shiga wannan harka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar akwatin ƙarfe biyu cike da takardu cikin ajami da Larabci: huɗubobi, lissafin gadon da ya raba wa mutane, sunayen waɗanda ya ɗaura wa aure da sadakinsu. Ɗaya yana shago, ya tafi a watan Afrilun 2011 lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone a rikicin bayan zaɓe. Ba zan tsaya a nan ba, kowannenmu ya san abin da ya rasa. Ɗayan yana gida, ina ganin ya tsira. Sai bara wani bawan Allah ya zo neman takardar rabon gidan kakansu, don 'yan'uwa sun fara ɗaga wa juna murya. Na buɗe akwati, na sami takardar, amma laimar damina da gara sun cinye gefen da sunayen shaidu suke. Ranar ban yi barci ba. Na ƙudurta sai na kwafe abin da ya rage cikin kwamfuta kafin shi ma ya tafi.

Ɗana da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ya kawo mini wani kibod na hannu da ya gyara da kansa. Irin wanda kowane maɓalli yake da nasa ɗan inji da sifirin a ciki ne, in ɗaya ya mutu a canja shi kaɗai. Ya cire hula ɗaya ya nuna mini ɗan tsinin da take zama a kai, mai siffar alamar tarawa ta lissafi. Ya ce wani kamfanin Jamus mai suna Cherry ne ya fito da wannan tsari, yanzu kamfanonin Sin da yawa suna yin irinsa, shi ya sa hulunan wani sukan shiga na wani. Kibod ɗin yana da daɗin dannawa, sai dai haruffan boko kaɗai ke kansa. Ni kuwa ina neman alif, yatsana yana yawo kamar baƙo a tashar mota.

Kuɗi kuma babu su. Duk mai harkar citta ya san abin da cutar da ta faɗa wa gonaki a daminar 2023 ta yi mana, daga Kachia zuwa Kwoi har nan Jama'a. A shekarar ce kuma dala ta tashi, duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Saboda haka na fara da mafi araha, wato sitika mai haruffan Larabci da ake mannawa. Na yi murna mako uku. Daga nan gumi da ƙurar hunturu suka shiga ƙarƙashi, gefuna suka fara naɗewa, lam ta manne a yatsana, mim ta faɗa tsakanin maɓallai.

Karo na biyu na aiki wani direba ya sayo mini cikakken saiti a Jos, baƙaƙe masu sheƙi, farashinsu ya yi mini daɗi. Nan na yi kuskure biyu. Na farko, ban ƙirga maɓallaina ba, ban kuma duba siffarsu ba. Ashe kibod iri-iri ne: akwai mai 104, akwai mai 105, akwai ƙanana masu 87 da 61. Maɓallin Enter ma iri biyu ne, wani kwance, wani tsaye mai lanƙwasa. Nawa kwance ne, wanda aka kawo tsaye. Na biyu, fenti kawai aka buga a saman robar. Cikin wata biyu alif da lam, waɗanda babu layin da ba sa ciki, suka goge sumul. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni a wurina ko aiki ba ta yi ba.

Ɗan nawa ya ce, "Baba, ka bari in yi maka odar masu kyau, masu launi uku, wuta tana fitowa ta cikin haruffan." Da ya faɗi kuɗin sai na ce, "Kai, wannan ai kuɗin makarantar ƙanwarka ne." Mun ɗan yi ja-in-ja. Shi yana ganin rowa nake yi wa aikin kakansa, ni ina ganin israfi. Daga baya na zauna na yi wa kaina hisabi, na ga abin da na kashe a kan sitika da baƙaƙen nan ya kusa sayen mai kyau tun farko. Ni da nake yi wa mutane wa'azin tsakaitawa, sai ga shi na yi almubazzaranci da sunan tattali.

Wanda ya warware mana shi ne maƙwabcin shagona mai gyaran kwamfuta, Bajju ne, mun fi shekara goma muna gaisawa. Ya ce, "Malam, kai da kake karya citta ka duba cikinta kafin ka biya, me ya sa wannan ka saya da ido?" Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Roba iri biyu aka fi yi da su. ABS ita ce ke yin santsi da ƙyalli in ta sha hannu. PBT tana da ɗan kaushi, ta fi jure gumi. Rubutun kuma hawa-hawa ne. Akwai fentin sama, shi ne ya yaudare ni. Akwai wanda ake zuba roba biyu, harafin kansa roba ne, ba ya gogewa har abada, amma samun mai Larabci a cikinsa da wuya, ga tsada. A tsakiya akwai wanda ake shigar da tawada cikin jikin PBT da zafi, kamar yadda baba ke kama zane a marina. Shi galibi hular fara ce ko mai haske, harafin baƙi. Wannan ya dace da ni, don idona ya fara neman tabarau, kuma sau da yawa da fitilar caji nake aiki.

Ya ƙara mini da abu ɗaya wanda na fi gode masa: in sa a turo hoton saitin kafin in biya, in duba ko an buga wasulla. Masu araha da yawa baƙaƙe kawai suke sawa. Balarabe zai karanta nasa babu wasali, ajami kuwa in babu fataha da kisira da rufu'a da ɗauri, mai karatu lalube zai yi ta yi. Muka sami saiti fari mai boko da Larabci tare da wasullansa, babu wuta, babu ado. Yau wata bakwai, alif tana nan daram. In ya yi datti sai in cire hulunan in wanke da ruwan ɗumi da sabulu, in shanya a inuwa.

Akwai abin da hula ba ta iya yi, kada wani ya ruɗu. Ita alama ce kawai, sai an saita harshen a cikin kwamfutar kafin Larabci ya fito. Kuma Baba rubutun Warshu yake yi irin na makarantar allo, fa ɗinsa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A kibod kuwa fa ɗigonta a sama yake, ƙaf biyu. Da farko sai da na mayar da ƙaf ɗin Baba fa a wurare da dama, har sunan wani ya canja. Yanzu duk shafin da na kwafe sai na ɗauki hoton asalinsa na ajiye tare, don in na yi kuskure na baya su gane.

Na kai rabin akwatin. Takardar rabon gidan nan ma, na tarar da sunayen shaidun a wani littafin daban, ɗayansu yana raye, aka yi sulhu a zaure ba a je kotu ba. Alhamdu lillahi.

Duk wanda iyayensa suka bar masa irin waɗannan takardu, ya buɗe akwati ya duba kafin ruwa ya sauka. In yana so a kwafe, ya same ni a gida bayan sallar isha'i ranar Litinin ko Alhamis. Ba na karɓar ko sisi, amma ya zo da wanda ya iya karanta hannun mai rubutun. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da garinmu lafiya.