Kishi A Gidan Momon

'Yan uwana mata, in ana hirar kishiya sai ki ji wata ta yi ajiyar zuciya ta ce ai matan Turawa sun huta, su daga mijin sai matarsa. To yau ga labarin wasu Turawan Amurka da suka yi kusan shekara 50 suna zaman kishi, irin wanda ko kakanninmu ba su gani ba.

Momon ake ce musu, ko da yake tun 2018 shugabanninsu suka nemi a daina kiransu da wannan suna. Wani mutum Joseph Smith ya kafa cocinsu a 1830, ya ce an saukar masa da wani littafi ƙari a kan Baibul. Sun yi imani aure ba ya ƙarewa da mutuwa, miji da mata da 'ya'ya suna tare har lahira. Ki riƙe wannan, domin shi ya sa maganar kishiya ta yi musu nauyi. Wadda aka yi miki a duniya, da ita za ki tashi.

Uwargidan Joseph sunanta Emma, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ta bi shi gudun hijira daga gari zuwa gari, ta binne 'ya'ya a hanya, ashe daga baya malam yana ta ɗaura aure a ɓoye. Cocin da kansa ya amsa a 2014 cewa matan sun kai 30 zuwa 40. Akwai wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, Emily da Eliza, da ke zaune a gidanta suna taya ta aiki. A 1843 Emma ta daure ta ce ta yarda ya aure su, aka ɗaura a gabanta, ba ta san an riga an ɗaura tun watanni biyu da suka wuce ba. Emily ce ta ba da labarin da ta tsufa. Ba a daɗe ba Emma ta sa suka bar gidan. A shekarar nan kuma aka kawo mata takarda, aka ce wahayi ne, da sunanta a ciki, ana umartarta ta karɓi matan. Ni a gidan mata uku na tashi, na ga kishi iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda aka kawo wa nata sunan a rubuce aka ce daga sama yake ba. Da wa za ki yi rigimar? Bayan an kashe Joseph a kurkuku a 1844, Emma ta ƙi bin jama'a zuwa yamma. Kuma har ta rasu a 1879 tana gaya wa ɗanta cewa ubansa bai taɓa yin wata mata ba sai ita. Wasu sun ce ƙarya ta yi. Ni dai gani nake rufin asiri ne na uwa.

Brigham Young ne ya ja sauran zuwa Yuta a 1847, a can aka bayyana abin a fili a 1852. Shi matansa sun haura 50, amma kada ki ɗauka kowa haka yake, yawancin masu ƙara auren a biyu suka tsaya. Ɗaya daga cikin matan nasa, Ann Eliza, ta kai shi kotu neman saki a 1873, ta zaga Amurka tana tona asirin gidan, ta rubuta littafi tana kiran kanta mata ta 19. Jaridu suka yi ta cewa matan Momon bayi ne, a je a cece su.

Sai dai fa matan ba bakinsu ɗaya ba. A watan Janairun 1870 dubban mata suka taru a birnin Salt Lake suka ce wa gwamnati ta fita harkar aurensu, babu wanda ya ɗaure su. A wata mai bi musu aka ba matan Yuta ikon jefa ƙuri'a, shekara 50 kafin dokar da ta ba matan Amurka duka. Masu adawa sun zaci za su yi amfani da ƙuri'ar su rushe kishi, suka ga shiru. A 1887 majalisar ƙasa ta ƙwace ƙuri'ar. Ka ji masu ceto!

Wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce Martha Hughes Cannon. Likita ce, ta gama karatunta a jami'ar Michigan a 1880, da iliminta da komai ta zaɓi ta zama ta huɗu a gidan Angus Cannon a 1884, mutumin da ya ba ta shekara 23. A bainar jama'a tana kare wannan aure, tana cewa mace mai abokan zama ta fi samun sararin kanta, tunda ba kullum ne take da girki ba. Amma lokacin gwamnati na kama mazaje, sai a 1886 ta gudu Ingila da jaririya a hannu don kada a sa ta ba da shaida a kan mijinta. Wasiƙun da ta rubuto masa daga can suna nan, an buga su, kuma cike suke da kewa da ƙorafi da kishi, musamman kan amaryar da ya ƙara. Allah sarki, ashe digiri ba ya maganin wannan ciwo. A 1896 ita da mijin suka tsaya takarar majalisar dattawan jiha, kowa a jam'iyyarsa. Ta ci, ya faɗi. Ita ce mace ta farko da ta riƙe irin wannan kujera a duk Amurka. Ina ma na ga fuskar sauran matan gidan ran da aka faɗi sakamako.

A 1890 shugaban cocin, Wilford Woodruff, ya sanar da dakatar da ƙara aure, bayan gwamnati ta ɗaure mazaje ta kama dukiyar coci. A 1904 aka ƙara tsanantawa. Yau duk ɗan cocin da ya yi mace ta biyu korarsa ake yi, har a nan Nijeriya inda suke da babban ɗakin ibada a Aba tun 2005. Masu yin abin yanzu ƙungiyoyi ne da suka ɓalle.

Abin da ke ci mini rai shi ne matan da sanarwar ta tarar a ɗakunansu. Jiya an ce musu haƙurinsu ne tsanin aljanna, yau doka ba ta san da aurensu ba. Da za a fara ba a tambaye su ba, da za a daina ma haka. Wasu mazan sun ci gaba da riƙe gidajensu a ɓoye, wasu suka koma wajen uwargida suka bar sauran da 'ya'ya. Martha ma da ta yi haihuwarta ta uku a 1899, kama Angus aka yi aka ci shi tara, siyasarta ta tsaya nan. Ta ƙare rayuwarta a Kalifoniya, ta rasu a 1932, ba ta taɓa samun gidan da za su zauna ita da mijinta a fili ba. A ƙarshen 2024 aka kafa mutum-mutuminta a ginin majalisar dokokin Amurka, ƙasar da ta taɓa gudu daga cikinta da goyo.