Darasi Daga Tafkin Barombi Mbo

Daga Kumba, a kudu maso yammacin Kamaru, muka hau tudu zuwa Barombi Mbo, tafkin da ya cika bakin tsohon dutse mai aman wuta. Zurfinsa ya kai mita 110. Dangin karfasa iri 11 ke cikinsa, ba a samunsu ko'ina sai nan. Dikume yana nutsawa can ƙasa, pungu kuwa soson ruwa yake ci a gaɓa. Kowa da mazauninsa da cimarsa, shi ya sa zama ya ɗore.

To, jama'a masu kiwon kifi cikin akwatin gilashi a gida, mu haɗa mazauna sama da mazauna ƙasa, masu girma ɗaya. Tarwaɗa in ta girma, ƙananan maƙwabtanta ne kalacinta.