Rumbun Murya a Malali

A watan Maris na 2025, Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya fara aiki tun 1979, ya yi tsit bayan wani umarni da Shugaba Trump ya sanya wa hannu. Sai a lokacin masu sauraro da dama suka tuna cewa shirin da ke intanet kayan aro ne, mai shi na iya ɗauke abinsa ba sallama.

Wata malamar tarihi a Malali ta daɗe da ƙin dogara da aron. A ƙarƙashin teburinta akwai tsohuwar kwamfuta da batirin sola ke riƙewa idan wuta ta ɗauke, a cikinta kuma manhajar Audiobookshelf, wadda kyauta ce. Kowane fodkas yana da adireshin RSS, wato jeri mai ɗauke da taken kowane kashi, da ranar fitowarsa, da inda sautin yake. Manhajar kan leƙa jerin a lokacin da aka tsara mata. In ta tarar da sabon kashi sai ta sauke shi cikin jakar shirinsa. Malamar ta zaɓi bayan tsakar dare, lokacin da data ke araha, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan farashi a Janairun 2025.

Wurin ajiya bai dame ta ba. Magana ta awa guda, a matsakaicin inganci, ba ta wuce megabait 30, don haka faifan terabait ɗaya zai ci awa fiye da 30,000. Tsarawa ce mai wuya. Shirye-shiryen labarai kan fito da take iri ɗaya kullum, kashi ɗari biyar duk sunansu shirin safe. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, wani mai shiri ya sa, wani ya bari, bincike ya ɓace tsakaninsu. Shi ya sa take fara sunan kowane fayil da shekara, sannan wata, sannan rana, ta kuma ƙara sunan baƙon da aka tattauna da shi da hannunta. Horo ne da ta samo a Gidan Arewa, can kan titin Rabah, inda takardar da ba ta shiga kundi ba kusan ɗaya take da wadda ta ɓata.

Faifai na mutuwa, ƙurar hunturu kuma na gaggauta masa. Duk ƙarshen wata takan kwafe rumbun a faifai na biyu, ta aika gidan yayanta a Zariya.