Mitar da Muka Koya wa Ƙarya

Wata uku muna cika baki a majalisa. Kullum da asuba mu hau kekuna daga Kajiji zuwa Shagari mu dawo, 'yar mitar da muka ɗaura tana ba mu lissafi mai daɗi.

Ashe taya mai inci 28 muka saita mata, tamu kuwa 26 ce. Ita ba ta san hanya ba, juyin taya kawai take ƙirgawa.

Muka shafa wa tayar gawayi, muka gara ta juyi ɗaya, muka auna da tef. Kusan kilomita 7 cikin kowace 100 ba namu ba ne.

Gyaran mitar bai kai minti biyar ba. Komawa majalisa mu janye maganarmu kuwa, sai da muka yi mako guda.