Santsin Laka a Fadamar Katagum

Idan aka ambaci ƙanƙara a gaban mutumin ƙasar Katagum, abin da zai faɗo masa a rai shi ne wadda kan zubo tare da ruwan farkon damina ta kakkarya shuka, ko kuwa wadda a ke sayarwa a kasuwar Azare da azumi. Ba zai kawo zancen hanya a ransa ba ko kaɗan. Amma a ƙasashen sanyi, irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka, ƙanƙara ta kan lulluɓe hanya wata da watanni, har akwai mutanen da kan haɗa kwambar motoci su hau hanyoyin duwatsu a tsakiyar sanyin nan, ba don fatauci ba, ba don ziyara ba, sai don nishaɗi kawai. Su kan ɗaura wa tayoyi sarƙa, su ɗauki igiyoyi da shebur, in ɗaya ta kafe sauran su taru su fitar da ita, su koma gida suna murna. Na sha kallon hotunansu, kuma abin da kan ba ni mamaki kullum shi ne, wahalar da mu ke roƙon Allah ya raba mu da ita kowace damina, ita ce waɗansu ke kashe kuɗi su tafi nema.

Ko da ya ke ba a ce ƙasarmu ba ta taɓa ganin ruwa ya daskare ba. A watan Disamba na 1823 waɗansu Turawan Birtaniya biyu, Kyaftin Clapperton da Likita Oudney, suka taso daga Kukawa cikin ayarin fatake Larabawa za su Kano. Clapperton ya rubuta cewa wata safiya a ƙarshen watan, kafin su iso Katagum, sun tashi sun tarar ruwan da ya kwana a ƙwarya ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu kuma sun sandare. Sun shiga Katagum ran 2 ga Janairu 1824, zamanin Sarki Ɗan Kauwa. Likitan, wanda dama ba shi da lafiya, bai kai Kano ba, ya mutu a Murmur ran 12 ga wannan watan. To, wannan ita ce ƙanƙarar da tarihi ya rubuta mana. Abin da ke kafe mana mota a yau kuwa laka ce, kuma wanda ya taɓa tuƙi a kanta ya san ba ta da abin da za ta koya daga wurin ƙanƙara wajen santsi.

Ƙasar Katagum fuska biyu gare ta. Akwai jigawa, inda rairayi ke cin ƙafar mota da rani, akwai kuma fadama ta kogin Jama'are, wanda ya ratsa ta gefen tsohon garin Katagum ya gangara ya haɗu da na Haɗeja, su nufi tafkin Cadi. Tun da aka mai da gadon sarauta Azare a 1916 harkoki suka koma kudu, tsohon garin da ƙauyukansa suka zauna can cikin ruwa da laka. Tsofaffin direbobi su kan ba da labarin zamanin En'e, sa'ad da a kan gitta shinge a hanyar burji in an yi ruwa, ba babbar motar da za ta wuce sai ƙasa ta tsane. Yanzu an yi kwalta a manyan hanyoyi, amma kwalta ba ta kai kowane ƙauye ba, kuma ita kanta ba ta tsira ba. Ambaliyar 2022 ta raba garuruwa da yawa na Zaki da Gamawa da sauran jiha, sai da kwalekwale, a watan Agusta na 2024 kuma ruwa ya yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙasar Katagum.

A waccan damina ta 2022 ne aikin jarida ya sa na bi waɗansu motoci uku masu ɗauke da hatsi da gidan sauro da magunguna zuwa waɗansu ƙauyuka na fadama. Dukansu a-kori-kura ne masu giyar taimako, watau irin waɗanda ƙafafu huɗu ke ja. Ni ina cikin ta gaba, wadda wani dattijo ke tuƙawa, mutumin da ya fara da yaron mota tun ana dakon gyaɗa. Kafin mu sauka daga kwalta sai ya tsai da mu, ya tara direbobin ya raba aiki. Ya ce kowa ya riƙa duba na bayansa a madubi, wanda ya daina ganin na bayansa ya tsaya. Kada mota biyu su shiga wuri mai laka tare, sai ta gaba ta haye ta taka ƙasa mai ƙarfi tukuna. Motar da ta fi lafiya, wadda ke ɗauke da igiya da shebur, ita ce ta ƙarshe. Sa'an nan ya ɗauki wani saurayi ɗan yankin ya zaunar da shi kusa da shi, ya ce da ɗan gari a kan ci gari.

Ina saurarensa sai na ga ashe tsarin fataken dā ne bai mutu ba. Ga madugu mai yanke shawara, ga jagaba masanin hanya, ga ƙa'idar cewa ba a barin kowa a baya. Jaki ne kawai ya zama mota. Abin mamaki kuma, waɗancan masu hawan duwatsun ƙanƙara kusan waɗannan dokoki su ke bi, alhali kuwa ba su taɓa jin sunan madugu ba.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa lafiya. Dattijon nan ba ya gudu, ba ya kuma tsayawa, giya ɗaya ya ke sawa tun daga bakin laka ya riƙe ta har ya fita. Da bayan motar ya fara zamewa hagu, sai na ga ya ɗan karkata sitiyari hagun, bai taɓa birki ba. Na ce, “Baba, ashe ba a taka birki?” Ya ce, “Ɗan nan, birki na mai tafiya a kan ƙasa ne. Mu yanzu a kan man shanu mu ke.” Bayanin dai shi ne, lakar fadama ta kan cike zanen taya ta mai da ita sumul, to, in aka danne birki taya ta daina juyawa, sitiyari ba shi da sauran iko, mota sai inda nauyinta ya kai ta. Haka a ke faɗa game da ƙanƙara.

Wajen la'asar muka iso wani kwari da ruwa ya kwanta a kan hanya. Jagaban namu ya naɗe wando ya shiga da sanda, ya auna zurfi, ya latsa ƙasan, ya nuna mana inda amalanken shanu ke bi. Ruwan kwance ya ke, bai kai gwiwa ba. Da mai gudu ne da ba wanda zai shiga, gama ruwa mai gudu in ya kai zurfin ƙafa biyu ya isa ya tafi da babbar mota. Muka haye. Direban mota ta biyu, wani matashi mai ji da kansa, ya ga laka ta yi masa yawa a tsakiya, sai ya kauce ya bi ta gefe, inda ciyawa ta rufe ƙasa ta yi kore shar. Ashe gefen nan gonar shinkafa ce. Motar ta nutse, shi kuwa ya ci gaba da ba ta wuta, tayoyi na watsa taɓo sama, kafin a tsai da shi ta zauna daram a kan cikinta.

A nan ne na ga bambancin mai sani da mai ƙarfi. Taya in ta fara juyawa a wuri ɗaya, haƙa ta ke yi, kowane juyi kuwa ƙara binne motar ya ke. Har ila yau, yadda aka ƙera yawancin motoci, ƙarfin inji ya kan gudu zuwa ƙafar da ta fi samun sauƙin juyawa, watau wadda ba ta kama komi ba, ita kuwa mai taka ƙasa ta tsaya cik. Da cikin mota ya manne da laka kuma, lakar ta kan riƙe shi kamar yadda ta kan riƙe takalmin mai tafiya, saboda haka nauyin da za a ja ya wuce nauyin motar nesa ba kusa ba.

Dattijon bai ko dubi igiya ba da farko. Ya sa aka sauke buhunan nan ɗaya ɗaya aka kai tudu a ka. Ya sa aka haƙe lakar da ke gaban kowace taya da wadda ke ƙarƙashin ciki. Aka shimfiɗa katako aka ɗora jak a kai don kada ya nutse, aka ɗaga ƙafa ɗaya aka cusa rassan itace da karan dawa a ƙarƙashinta, aka sauke, aka koma wata. Ya rage wa tayoyin iska domin su baje su ƙara kama ƙasa. Wannan aiki ya ci fiye da sa'a guda, kuma duk wanda ke wurin ya zama ɗaya, ba a gane ma'aikaci ba a gane ɗan jarida, kowa laka har wuya. Sauro kuwa ya ce ga abinci ya zo har gida.

Samarin ƙauyen da ke kusa sun fito tun da suka ji kukan inji. Na san ana yawan zargin irin waɗannan samari, wai su kan sa wa mai mota kuɗi da yawa, har waɗansu kan ce su ke ɓata hanya da gangan. Ni dai abin da na gani da idona shi ne mutum goma sha da suka bar aikin gonarsu suka shiga taɓo da duhu na gabatowa, suka ɗauki buhun da ba nasu ba. Wanda ya yi wannan ya ci guminsa, kuma mai motar da ke ƙyashin ba su abin goro ya gwada fitar da ita shi kaɗai.

Da aka zo ja, direban motar da ke baya ya ɗauko sarƙa zai maƙala a jikin ƙarfen gaban mota, wanda a ke kira bamba. Dattijon ya daka masa tsawa daga hayi. Ya ratso ruwan da ƙafa, ya kwanta ya nuna masa ƙugiyar da ke haɗe da ƙashin motar, ya ce nan kaɗai a ke ɗaurawa. Ya ce a ajiye sarƙa a ɗauko igiyar ja mai faɗi, domin sarƙa ba ta miƙewa, fizga ɗaya sai ta tsinke ko ta ɓalle abin da aka ɗaura ta. Ya karɓi wani jiƙaƙƙen bargo ya rataya a tsakiyar igiyar, don in ta tsinke nauyinsa ya kai ta ƙasa. Sa'an nan ya kori kowa, yara da manya, ya ce a ja da baya fiye da tsawon igiyar. Ya ce shi kaɗai zai yi magana, kowa ya yi shiru. Wannan ita ce ta fi wuya, don kuwa a wurin da mota ta kafe kowa gwani ne.

Baya aka ja ta, ta sawun da ta shiga. Jan farko ta motsa kaɗan ta koma. A na biyu wani ƙarfe da aka haɗa igiya biyu da shi ya ɓalle, muka ji ƙara kamar ta bindiga, bargon ya faɗi da igiyar a cikin ruwa, daidai inda yara uku ke tsaye kafin a kore su. Ba wanda ya ce uffan. Dattijon ya sake haɗa igiyoyin, wannan karon ya sarƙa bakin ɗaya cikin ɗaya ya cusa guntun itace a tsakani don kada ƙullin ya cije, ba ƙarfe ko ɗaya. A ja na uku laka ta saki motar da wani irin sauti kamar saniya ta zare ƙafa daga taɓo.

Muna cikin mai da buhuna sai ga mai gonar. Bai ɗaga murya ba. Ya yi sallama, ya tsaya yana duban ramuka biyu da aka yi masa a cikin shinkafa, da inda ƙafafun mutane suka tattake. Matashin direban ya fara cewa ai kayan taimako ne muka kawo musu. Manomin ya ce, “Malam, na gode. Amma wannan da ka taka ita ce taimakon da na shuka wa iyalina.” Sai da aka je gaban mai unguwa da fitila. Dattijonmu ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, mu muka yi ɓarna, a faɗa mana abin da ya dace.” Aka kimanta, aka biya daga aljihun waɗanda ke cikin tafiyar, aka yi addu'a. A hotunan masu hawan duwatsu ban taɓa ganin wannan kashi na aikin ba, watakila don dusar ƙanƙara ba ta da mai ita.

A ƙauyen muka kwana, gama dattijon ya ce ba ya shiga ruwan da ba ya ganin bakinsa. Da safe aka buɗe wurin da injin motar ke shaƙar iska aka tabbatar ruwa bai shiga ba, domin inji in ya sha ruwa aka tashe shi, ƙarafan cikinsa ne ke lanƙwashewa. Aka ƙara wa tayoyi iska da famfon hannu, aka kankare lakar da ta toshe lagireto, kowane direba ya yi ta taka birki a hankali har ya bushe. Kayan sun isa hannun masu su da hantsi, an makara kwana ɗaya.

Na sake bin hanyar nan da rani, cikin hunturu, a bayan babur. Kwarin ya bushe ƙayau, ƙasa ta tsattsage. Sawun tayoyinmu da na waɗanda suka biyo bayanmu yana nan ya sandare kamar an gina shi da siminti, zurfinsa ya kusa gwiwa, masu amalanke suna ta fama da shi, shanu na tuntuɓe da lodin shinkafa za su kasuwa.