Kafin a jefa ɗan ludo, a san ɗan gidan wa ne jarumin

'Yan uwa 'yan Arewa da karatu ya kawo mu Kudu. Yau ba maganar kuɗin makaranta ko tsadar motar gida na zo da ita ba. Da yawanku kun lura duk Asabar bayan la'asar ba a ganina, har wasu sun fara cewa ko na yi budurwa a Ibadan ne. To ba budurwa ba ce. Wasa nake zuwa, mu shida a teburi ɗaya, da takarda da fensir. Sunansa Dungeons & Dragons, a taƙaice D&D. Abin da nake so mu tattauna shi ne ɓangaren da ya fi jan hankalina a cikinsa, wato rubuta asalin jarumin da mutum zai yi wasa da shi. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Ga wanda bai san shi ba, wasan ya fito ne a Amurka a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro shi. Yanzu yana hannun kamfanin Wizards of the Coast, mu kuma da bugu na biyar muke yi, wanda ya fito a 2014. Ba allo ba ne irin na dara, ba kuma na waya ba. Mutum ɗaya ne yake jan labari, suna ce masa Dungeon Master. Shi zai faɗi inda kuke, da wanda kuka haɗu da shi, da abin da ke bayan ƙofa. Sauran kowa yana da jarumi ɗaya, yana faɗin abin da jarumin zai yi. In abu ne da za a iya dacewa ko a kasa, sai ka jefa ɗan ludo mai fuska 20, ka haɗa da makin jaruminka. Mai jan labari yana da lambar da yake so ka kai: 10 abu mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Ka kai, ka haye katangar. Ba ka kai ba, ka faɗo, labari ya juya.

Na san tambayar da ke bakin wasu: ba caca ba ce? A teburinmu ko sisi ba a sawa, babu wanda ya ci, babu wanda aka cinye, duk gefe ɗaya muke. Akwai matsafa da dodanni a cikin labarin, kamar yadda suke a tatsuniya, ni dai ban taɓa ɗaukar matsafi a matsayin jarumina ba. Ba fatawa nake ba, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa.

To mene ne asali? Takardar jarumi cike take da lambobi: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin basira, hangen nesa, kwarjini. Amma lamba ba ta gaya maka dalilin da ya sa mutum zai baro gidansu ya shiga kogon da ake mutuwa. Asali ne yake faɗa. Littafin 'yan wasa na 2014 ya ware gurabe huɗu don wannan: halinsa, aƙidar da ya tsaya a kai, abin da ya ɗaure shi da wasu mutane ko wani wuri, da kuma aibinsa. Kuma ba ado ba ne. In ka yi wasa bisa abin da ka rubuta, musamman in ya jawo maka asara, mai jan labari yana iya ba ka lada: wata rana ka jefa ɗan ludo biyu ka ɗauki wanda ya fi yawa. Wato dokar wasan da kanta tana saka wa wanda ya riƙe halin jaruminsa.

Abu biyu na ga sun fi ɓata asali. Na farko, maraici. Kusan duk sabon ɗan wasa sai ya rubuta cewa an ƙone ƙauyensu, an kashe uwa da uba, shi kaɗai ya tsira. Da jin sa ka ce abin tausayi, amma ka duba da kyau: ya kashe kowa ne don kada kowa ya tambaye shi ina ya kwana. Wanda ba shi da kowa, mai jan labari ba shi da inda zai kama shi. Na biyu, cika baki. Kowane jarumi daga mataki na 1 yake farawa, ƙololuwa 20. A matakin farko mayaƙi makin ransa 10 ne da ɗan ƙari, sara biyu ko uku ya kwanta. Sai ka ga mutum ya rubuta shafi biyar cewa jaruminsa ya ci garuruwa bakwai da yaƙi, ranar farko kuma ƙaramin dodo ya kayar da shi a bakin rijiya. Manyan abubuwan a teburi ya kamata su faru, a gaban kowa.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Mai jan labarinmu, ɗan Legas ne, mutumin kirki, ya zana taswirar duniyarsa da hannu. Kudancin taswirar cike da birane, kowanne da sarki da kasuwa da tarihi. Arewacinta kuwa hamada ce, an rubuta mahara masu rawani, shi ke nan. Babu gari, babu suna, babu uwar da ta haife su. Ban ga mugun nufi a ciki ba, abin da ya saba gani a fim da labarai ne ya sauko a takarda. Amma na gane hoton nan, ku ma kun gane shi. Shi ne hoton da ake kallonmu da shi in an kira mu aboki a tasha, ko in ɗan aji ya yi mamakin cewa kana digiri na biyu. An riga an rubuta mana asali mai layi ɗaya tun kafin mu buɗe baki.

Ban yi wa kowa wa'azi ba. Cewa na yi ina so jarumina ya fito daga can. Sai na koma ga abin da muke da shi, fataucin goro zuwa Gwanja. Kakanninmu sun yi ta kai kanwa da tufafi da fatu har kasuwar Salaga, wadda ke Ghana ta yanzu, su dawo da goro a bayan jakuna, tafiyar watanni. Ayari yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya. Duniyar wasan babu Kano babu Salaga, don haka na canza sunayen wurare na bar ƙashin labarin.

Ga abin da na rubuta, bai kai rabin shafi ba. Jarumina ɗan madugu ne, shi ne jagaban ayarin mahaifinsa. Wata shekara ya zaɓi mashigin kogi don a rage kwana biyu, ruwa ya ci jakuna da kayan mutane. Babu wanda ya mutu. Uban yana raye, amma ya daina fita zaure. Uwar tana raye, ƙanwarsa an ɗaga bikinta. Masu kaya goma sha ɗaya suna bin gidan bashi, kuma yana da sunayensu a takarda cikin layar da ke wuyansa. Aƙidarsa: amana ba ta ruɓewa. Aibinsa: in an zo zaɓen hanya, sai bakinsa ya mutu, ko da ya san daidai.

Sati na huɗu mai jan labari ya kama igiyar. Mun samu zinariya, na ware rabona zan sayi sulke, sai ga wata tsohuwa a bakin kasuwa ta kira jarumina da sunan ubansa. Tana cikin goma sha ɗayan. Na miƙa mata kuɗin duka. Teburi ya rikice, wata tana cewa ka haukace, gobe yaƙi za mu shiga. Mun yi kusan minti ashirin muna gardama a kan bashin da babu shi, na mutumin da babu shi. Aka shiga yaƙin ba sulke, da ƙyar aka jawo jarumina da rai. Bayan an tashi, maimakon hirar dodon da muka kashe, tambayoyi aka yi ta yi mini. Mene ne madugu? Da gaske ana tafiya Ghana da jaki? Me ya sa ɗa zai ɗauki bashin uba? Na ce su je Sabo su ga dattawan da goro da shanu suka kawo kakanninsu garin nan. Sati biyu bayan haka taswirar ta dawo da garuruwa uku a arewa, da rijiyoyi, da zango.

Wanda yake so ya gwada, ga abin da nake bi. Tambayi jaruminka abu uku: wa ya bari a gida da rai, wa yake bin sa bashi na kuɗi ko na alheri, kuma me yake jin kunyar a sani. Ka ba shi dalilin tafiya da jama'a, don wasan na taro ne, mai cewa shi kaɗai yake aiki ya zauna a ɗaki. Kada ka cike kowane gurbi. Ni ban rubuta ko wane ne ya ba shi shawarar bin mashigin nan ba, na bar wa mai jan labari, kuma har yau ina jiran ranar da zai fito da shi. Sannan ka nuna masa rubutun kafin a fara, don kada ka kawo ɗan sarki a duniyar da babu sarauta.

Kuma don Allah kada ka ara daga fim alhali gidanku cike yake. Akwai maƙera, majema, masunta, 'yan koli, mahauta, ungozoma, almajirin da ya yi gabas neman karatu. Kowannensu yana da maigida, da abokin wasa, da abin da ba a yi a gidansu. In ka kira kakarka ka tambaye ta yadda aka yi danginku suka zauna a garinku, wallahi za ka samu asalin da ya fi na littafi, ka kuma samu ladan zumunci.

Kayan wasan ba tsada. Kamfanin ya saki ƙananan dokokin kyauta a intanet, ɗan ludon kuma akwai manhajarsa a waya. Ina so mu buɗe teburi na Hausa zalla bayan jarrabawa, mutum huɗu ko biyar sun isa, 'yan uwa mata ma in sun haɗa nasu zan ba su takardun. Mai sha'awa ya zo da rabin shafi, kuma a bar iyayen jarumin da ransu. Masu fama da babi na uku irina, Allah ya sassauta mana zukatan masu duba aikinmu, ya mai da mu gida lafiya.